Wa Zai Karɓi Gaisuwa? Shekara Tara Bayan Yaya Labbo

Bana shekara tara ke nan da ruwan tafkin Kainji ya ci yayana, Malam Labbo, tare da mafi yawan mutanen gidanmu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ungozoma ce mai ritaya, hannuna ya fi sabawa da yankan cibiya a kan riƙon biro, kuma a Yelwa duk wanda ya kamata ya san labarin ya riga ya sani. Abin da ya tayar da ni bana wani abu ne da ya faru a watan jiya a bakin kwata, inda jiragen ruwa ke lodi, kuma zan zo kansa. Amma sai na fara gaya muku ko wane ne Yaya Labbo, domin na nesa ba su san shi ba, na kusa kuma sunan tsokana kawai suka riƙe.

Sunan tsokanar shi ne Malam Ƙarshen Duniya. Ɗalibansa na sakandare ne suka fara laƙaba masa, daga nan ya bazu har kasuwar kifi. Labarin ƙasa yake koyarwa. Dogo ne siriri, kullum da ƙaramin rediyo a aljihun riga, kuma in ya kama magana ba ya saki sai mai saurare ya tuna yana da uzuri. Wanda bai san shi ba zai zaci mutum ne mai baƙin rai, alhali ban taɓa ganin mai son jarirai kamarsa ba. Duk ranar da na taso daga asibiti na biyo ta ƙofar gidansa, tambayarsa ɗaya ce: "Kulu, nawa kika ƙaro muna yau?" In na ce uku, sai ya yi ta murna kamar shi za a yi wa barka. Ni kuwa na sha gaya masa cewa mai shelar ƙarewar duniya bai kamata ya riƙa ƙidayar masu shigowa ba. Sai ya ce ai saboda su ne yake shelar.

Don a gane shi, sai an san Innarmu. Mu asalinmu ba 'yan Yelwa ba ne. Ƙauyenmu yana kan wani tsibiri ne a tsakiyar kogi, kuma tun da aka datse kogin aka yi tafki, yana can ƙarƙashin ruwa da rumbunansa da kushewun kakanninmu. Ni a goye aka fito da ni, ban san shi ba. Yaya kuwa yana da wayo, ya ga yadda ruwa ya riƙa hawa a hankali har ya shanye tsamiyar ƙofar gidanmu. Daga can Inna ta taho da wata al'ada da mutanen ruwa na da suke riƙe da ita. In za a tsallaka ranar kasuwa ko ranar biki, ba ta yarda 'ya'yanta su shiga kwalekwale ɗaya. In Yaya ya shiga na Baba, ni sai na Kawu, ko da akwai wuri fal a na farkon. In kuwa kwalekwalen ɗaya ne tak, to dole a bar wani a gida, yana kuka yana birgima, Inna ko a jikinta. A gidanmu barin iri muke ce wa wannan, kamar yadda manomi ba ya dafa shinkafar da ya ware don shuka komai tsananin yunwa. Da manyan jirage masu inji suka zo, waɗanda ke kwashe unguwa guda a lodi ɗaya, sai barin iri ya koma ƙauyanci. Inna ta rasu tana mita a kai, Yaya ya ɗauka daga inda ta tsaya, sai dai shi bai tsaya a bakin tafki ba.

Maganarsa a taƙaice ita ce, duk mutuwar da muka sani, komai yawanta, tana barin mai karɓar gaisuwa. Yunwa ta yi ɓarna a ƙasar nan, sanƙarau ya yi, kwalara ta yi, yaƙi ya yi, amma kullum akwai wanda ya saura ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, daga shi kuma gida ya sake cika. Ya ce a zamaninmu ne ɗan Adam ya fara ƙera da hannunsa abubuwan da za su iya hana a bar kowa: makaman ƙare dangi, da ƙwayoyin cutar da ake juya su a ɗakunan gwaji, da injunan da ake ta ƙoƙarin koya musu tunani, waɗanda a lokacin ni ko labarinsu ban taɓa ji ba sai a bakinsa. Ya ce duniya gaba ɗaya ta shiga jirgi ɗaya, babu na Kawu, babu wanda aka bari a gida. Don haka a ganinsa duk abin da zai iya fasa wannan jirgi ya kamata a sa shi a gaban komai, ko da yiwuwar ba ta da yawa, domin asarar mutum na ƙarshe ba asarar mutum ɗaya ba ce, har da duk waɗanda da za a haifa daga gare shi.

Na ga ranar da ya kai maganar gaban manya. Taron ci gaban gari ne a filin wata firamare, an kafa rumfa, an zo da wani babba daga cikin masu wakiltarmu. Aka yi ta kuka kan hanya, da taki, da satar shanu, da asibitin da ba magani. Yaya ya miƙe ya ce ya yarda da duk abin da aka faɗa, sai dai yana roƙon babban baƙo, in ya koma can sama, ya tambaya ko a ƙasar nan akwai wanda aikinsa kawai shi ne tunanin abin da zai iya gamawa da mu duka. Ya kuma roƙi a riƙa tura yaranmu masu ƙwaƙwalwa karatun cututtuka, ba kowa ya tafi neman aikin ofis ba. Rumfar nan ta ɗauki dariya. Wani alhaji mai sayar da man jirgi ya ce, "Malam, mu da ko hanya ba mu da, mi ya haɗa mu da ƙarewar duniya? Bar wa Turawa abinsu." Yaya ya dube shi ya ce, "Alhaji, ran da anka datse gulbi an tambayi ubanka? Ba a tambaye mu ba, amma ɗakin Innarmu ruwan ya shiga." Sai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, aka shiga rabon lemo.

Wani limami abokinsa, mutumin kirki, ya taɓa jan shi gefe ya ce tashin ƙiyama na Allah ne, ya daina shiga hurumin da ba nasa ba. Yaya ya ce shi ba ƙiyama yake magana ba, ita babu mai hana ta, babu mai matso da ita. Abin da hannun mutane ya ƙera yake magana, wanda za a tambaye su a kansa. Ya tuna wa liman cewa ajalin 'ya'yansa ma na Allah ne, amma an gan shi da rana tsaka a asibiti yana neman allura da ƙaramarsu ta yi zazzaɓi.

Ni ma na yi masa nawa musun, kuma har yau ban janye shi duka ba. Na ce masa matar da ke zubar da jini a gabana, babu jinin da za a ƙara mata, ta fi min mutanen da ba a haifa ba nauyi. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Tsaya kanta, Kulu, aikinki na. In jirgi ya cika da majinyata, kowa da mai jinyarshi daidai na. Amma a samu ko mutum biyu masu duba ƙasan jirgin, don in ya ɓule, da mai ciwo da mai jinya dut hanya guda za su bi." Abin da ke ci masa rai, in ji shi, ba wai masu jinya sun yi yawa ba ne. Masu duba ƙasan ne babu, kuma wanda ya sunkuya zai duba, dariya ake yi masa.

Sai aka sa bikin Aminu, ɗan ƙaninmu. Amaryar a wani ƙauye take a tsallake, ta wajen Ngaski, kuma aka yi shatar babban jirgi ɗaya da zai kwashe dangin ango gaba ɗaya a je ɗaurin aure a taho da ita. Tun kafin ranar Yaya ya ce a nemi jirgi na biyu. Aka ce mai ya yi tsada. Aka ce kuma abin kunya ne dangin ango su isa a rarrabe kamar masu gaba da juna. Wannan ta biyun ita ta fi ƙarfi, domin mu mutane ne da muka fi tsoron bakin surukai a kan tsoron ruwa.

Da hantsi muka hallara a kwata, mata cikin anko, ƙafafu sun sha lalle, ana ta guɗa. Har maƙwabcinmu Mamman Gado, mai gyaran komar kamun kifi, ya fito da duk mutanen gidansa: matarsa Hansatu, 'ya'yansu uku, da tsohuwarsa. Ya datse ƙofarsa da kwaɗo ta waje, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ana cikin lodi sai Yaya ya tsaya a kan katakon da ake takawa a shiga jirgi, ya tare hanya. Ya ce ni in koma. Ya fizgo Sani, ƙaramin ɗansa, wanda lokacin saurayi ne ɗan shekara goma sha tara. Sannan ya leƙa cikin jirgin ya kira Rabi, matar babban ɗansa Bello, wadda cikinta na fari ya fara fitowa.

Bello ya ce, "Baba, don Allah ka bar ta, ta ɗinka ankonta."

Yaya bai ko dube shi ba. Ya ce, "Rabi, sauko. Ke ba mutum guda ta ba, unguwa guda kika ɗauke da ita."

Ta sauko tana hawaye, mata na yi mata dannar ƙirji, wasu na cewa wannan tsoho ya cika ɓata wa mutane biki. Sani ya yi ta ƙunƙuni yana shurin yashi. Yaya ya juya wajen Mamman Gado ya ce, "Mamman, bar ko ɗiya guda wurin Kulu." Mamman mutum ne mai raha, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Malam, ashe ƙarshen duniyar yau ta?" Jirgin duka ya taya shi. Ni kuma na ce wa Yaya, to kai fa, mai hana mutane? Ya ce shi ne waliyyin ango, ba a ɗaura aure sai da shi, kuma shi ya riga ya bar nasa irin. Ya ciro rediyonsa daga aljihu ya miƙo min, ya ce in riƙe masa kada ya jiƙe.

A hanyar dawowa ne abin ya faru, bayan la'asar, jirgi ya ƙara nauyi da amarya da 'yan rakiyarta da kayan ɗakinta. Iska ta taso, matuƙi ya ratse don ya rage hanya, ya hau kan kututturen ɗaya daga cikin itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin datse kogi, waɗanda har yau suna nan tsaye a ƙarƙashi, kawunansu a ɓoye. Jirgin ya tsage. Masuntan da ke kusa sun ceci 'yan kaɗan, babu namu a ciki. Sauran kuwa da tarun kamun kifi aka riƙa fito da su, aka binne su a bakin ruwa kamar yadda ake yi wa wanda ruwa ya ci. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, don ba shi na zo faɗa ba.

Abin da na zo faɗa a zaman makoki na gan shi. A ƙofar gidanmu aka shimfiɗa tabarmi, Sani ya zauna yana karɓar gaisuwar maza, yaron da ko amsa gaisuwar mutuwa bai iya ba, sai an raɗa masa abin da zai ce. A cikin gida ni da Rabi muna karɓar ta mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Mamman Gado. Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a can ma, don bai ga yadda za a ce mutum shida sun tafi ba a yi musu zama ba. Mutane suka riƙa zuwa, su tuɓe takalma, su durƙusa, su ɗaga hannu su shafa fatiha, sannan su ɗaga kai su nemi wanda za su ce wa ya haƙuri. Babu kowa. Kwaɗon nan yana rataye yadda Mamman ya datse shi. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, daga wani tsibirin da ruwa ya ci suka fito, dangin Hansatu kuma a cikin jirgin suke. Na ga dattawa masu furfura suna waige-waige a kan tabarmar nan kamar sun yi ɓatan kai, daga ƙarshe su tsallako wajenmu su ce, "Kulu, har da na Mamman." Sai da kukan awaki ya yi yawa aka tuna da dabbobi a ciki, aka fasa kwaɗon.

Mu mun binne fiye da ninki biyu na abin da gidan Mamman ya binne. In lissafin gawa ne, mu aka fi yi wa ɓarna nesa ba kusa ba. Amma ku zo unguwarmu yau ku gani. A gidanmu ana daka, ana faɗa kan wanke-wanke, ana korar yara makaranta da safe. Rabi ta haifi 'ya mace, ni na karɓe ta da hannuna, muka sa mata Magajiya. Gidan Mamman kuwa rufinsa ya rufta, tumfafiya ta fito a tsakar gida. Yadda Hansatu ke bandar kifi har ya kai damina bai yi tsutsa ba, ya tafi da ita. Sunan tsibirinsu da labaran da tsohuwar Mamman ke bayarwa a kansa, babu wanda ya riƙe. Kafin in yi ritaya, in sa'o'in babbar 'yarsa suka zo min da cikin fari, sai in tsinci kaina ina tunanin nata da ba za su zo ba, da nasu 'ya'yan. Waɗannan ba su shiga jirgi ba, ba a yi musu sallah ba, babu wanda ya sa su a lissafi, kuma sun fi waɗanda aka binne yawa. A kan tabarmar nan na gane abin da Yaya ya shekara yana faɗa ana kiran sa mai taɓin hankali.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga shekarun nan tara. Rediyonsa yana nan wajena, na sa an gyara shi sau da dama, kuma na gaji al'adarsa ta saurarensa. Da ya ga korona. Cuta ta taso daga ƙasar da ba mu taɓa gani ba, kafin mu farga ta rufe kasuwanni da makarantu har da masallatan Juma'a. Allah Ya sa ba mai kisa sosai ba ce a wajenmu. Da ta lafa, me muka koya? Muka ce ƙarya ce, muka ce ciwon masu kuɗi ne, bokitin wanke hannun da aka ajiye a ƙofar asibitinmu ya koma na jiƙa wanki. Ni da na yi aikin lafiya na san cewa da mai zafi ce ta zo da irin wannan gudun, da ba mu da abin tare ta. Da ya ji manyan ƙasashe sun koma yi wa juna barazana da makaman ƙare dangi a bainar jama'a, kamar 'yan tasha masu zare wuƙa. Da ya ga wayar Sani, wadda ake yi wa tambaya ta amsa da Hausa kamar mutum, ya kuma ji cewa a cikin masu ƙera irin waɗannan injuna akwai masu cewa su kansu suna tsoron inda abin zai kai, amma ba wanda ya yarda ya rage gudu don kada ɗan'uwansa ya riga shi. Wannan ai mun san shi a kwata. Haka matuƙa biyu ke yi in suna rige-rigen fasinja.

Ba zan ɓoye ba, da ya ga wasu abubuwan da suka fi kusa da gida ma. Da ya ga ranar da aka shiga makaranta a Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aji, na san da ya yi kuka. Da ya ga manoman Shanga da na Ngaski suna tsoron zuwa gonakinsu. Akwai masu ce min da yana raye da waɗannan sun sa ya manta da ƙarshen duniyarsa. Ba su san shi ba. Da ya je jaje, ya ba da abin da yake da shi, sannan ya dawo ya ci gaba da maganarsa, domin a wurinsa baƙin cikin yau ba ya toshe ɓular ƙasan jirgi. Ni ban san ko hasashensa kan injuna daidai ne ba, ilimina bai kai nan ba. Abin da na sani da idona shi ne bambancin tabarma biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na yi rubutun nan. A watan jiya Sani ya yi aure. Shi ne maigida yanzu, ya yi gemu, ana shawara da shi a unguwa. Amaryarsa ita ma a tsallake take. Ina zaune aka zo aka gaya min an yi shatar jirgi, babba, guda ɗaya, kuma kowa zai je: Sani, da Rabi, da Magajiya, da 'ya'yana da jikokina waɗanda wancan karon suna nesa ba su zo biki ba, wato duk abin da ya rage na gidan Innarmu. Na aika a kira min shi.

Ya ce, "Gwaggo, wancan ƙaddara ta. Yanzu akwai rigar ruwa, injin kuma sabo na."

Na ce, "Sani, wa ya sauke ka daga jirgi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ki zama Baba ranar aurena."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Yaron da ke numfashi yau saboda an ɓata masa rai a bakin kwata, shi ne yake roƙona kada in yi halin wanda ya ɓata masa. Na je kwata ranar. Rigunan ruwan suna nan kuwa, ba su kai rabin mutanen ba, kuma mata sun mai da su matashin zama don kada anko ya ɓaci. Na tsaya a kan katako kamar yadda Yaya ya tsaya, amma ni ba ni da tsawonsa, ba ni da muryarsa. Aka riƙa raɓa ni ana wucewa ana cewa Gwaggo a yi haƙuri. 'Ya'yan cikina ma suka wuce. Rabi kaɗai ta tsaya ta dube ni, ta dubi jirgin, ta ce kunyar dangin amarya take ji, amma in riƙe mata Magajiya. Na damƙe wuyan hannun yarinyar na zauna da ita a kan yashi. Ita ma an ɗinka mata anko, an yi mata lalle, ta yi ta kuka tana fizge-fizge kamar yadda uwarta ta yi lokacin da take ɗauke da cikinta. Ina ji wata mai tallar ƙosai tana gaya wa abokiyarta, ga Gwaggo Ƙarshen Duniya can.

Yini guda muka yi a wurin, idona a kan ruwa. Kafin magariba jirgin ya dawo lafiya lau, da amarya, da guɗa, da kiɗa. Na yi ta gode wa Allah. Sani ya diro yana dariya ya ce, "Ga mu, Gwaggo, duniya ba ta ƙare ba." Kowa ya yi dariya, irin dariyar da aka taya Mamman Gado da ya yi tasa rahar.

Dawowar nan lafiya ita ce ta fi ba ni tsoro. Jirgi mai lodin ganganci yakan dawo lafiya sau da yawa, kuma duk dawowa ɗaya tana ƙara wa mutane tabbacin cewa mai gargaɗi ne ba shi da hankali. Gidanmu ya ga abin da idonsa, ya binne nasa a bakin ruwa, amma shekara tara ta isa ya manta. To ina ga duniya, wadda ba za a ba ta damar gani da ido sannan ta gyara ba? Mu an bar mana mutum uku da ciki ɗaya, muka sake gida. Abin da Yaya yake tsoro ba ya barin wanda zai ce ashe malamin nan gaskiya ya faɗa. Shi ya sa nake roƙon masu karanta wannan shafi da ke da murya inda ake ji, 'yan majalisa, malaman jami'a, masu wa'azi, masu rubutu a jarida, ku ci gaba da maganar hanya da taki da tsaro, muna buƙatarsu. Amma a samu a cikinku masu sunkuyawa su duba ƙasan jirgi, a ba su wuri a gaba, kada a sa su a ƙarshen taro bayan an fara rabon lemo.

Yaya Labbo bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Ya bar rediyo mai shan batir, ya bar sunan tsokana wanda yanzu ni na gada, ya bar ɗa mai jin kunyar halinsa. Ya kuma bar Magajiya, wadda har yau ba ta gama fushi da ni ba, in na aike ta sai ta tura baki kafin ta tashi. Nakan dube ta in ce, yi fushinki yarinya, kakanki ya sha zagi kafin a samu mai yin fushin nan.

Allah Ya jiƙan Yaya Labbo, da Bello, da Aminu da amaryarsa, da duk waɗanda suka tafi tare da su. Allah Ya jiƙan Mamman Gado da Hansatu da 'ya'yansu da tsohuwarsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, nakan sa a share ƙofar kangon nan a shimfiɗa tabarma, in zauna a kai, ko wani zai tuna ya zo. Ni nake karɓar gaisuwarsu, saboda katanga ɗaya ce tsakaninmu. Su sun samu maƙwabta. Duniya ba ta da maƙwabci.